Shekarar da Na Kankare Sawun Zabuwa

Da sunan Allah nake buɗe baki, kamar yadda na saba. Wannan babin da farko ban yi niyyar a sa shi ba. Sai da na ji da kunnena wata jikata tana ba ƙawarta labari a tsakar gidan nan, suna ta ƙyaƙyata dariya, wai akwai shekarar da Inna Dije ta raba kwanuka a gaban manyan mutane, gari na wayewa ta aika aka karɓo mata kayanta. Na ce to, tunda har a cikin gidana maganar ta karkace, gara in miƙe ta da bakina tun ina da sauran numfashi. Ni ban yi boko ba, kun sani. Ni ke faɗa, Ummi ke rubutawa, kuma duk inda ta yi mini kwaskwarima sai na sa ta mayar da maganar yadda ta fito daga bakina.

Ku na yanzu ba ku san shaidar kwano ba, sai na faɗa muku. A Daura da muka tashi, abinci ba ya ƙarewa a gidan da aka dafa shi. Ran Juma'a, ran suna, ran salla, da watan azumi, kwanuka ne ke ta gilmawa tsakanin gidaje, langa da samira da fanteka, kuma duk kamarsu ɗaya, don a hannun 'yan koli ɗaya muke saye. Shi ya sa kowace mace take da shaidarta a gindin kwano. Wata ɗigo biyu, wata zobe, wata ta ƙulla zare a hannun murfi. Tawa sawun zabuwa ne: zane uku a baje kamar yatsu, da ɗigo ɗaya a ƙarƙashi, da jan fenti. Ba ni na ƙago shi ba. Na mahaifiyata ne, da shi ta zo daga Baure, kuma da za a kai ni ɗakin miji ita ta zauna da tsinke da ɗan gwangwanin fenti ta bi kayana ɗaya bayan ɗaya. Dokar kuwa ba a koya wa kowa ita, da ita ake tashi. Kwano mai shaida baƙo ne. A ci abin da ke ciki, a wanke, a mayar wa mai shi, kuma ba a mayar da shi wayam. Ko ƙwai ne, ko ƙullin daddawa, sai an jefa wani abu. Macen da aka sani da riƙe kwanon mutane kuwa, ta gama yawo a unguwa. Ni dai ba yabon kai ba, babu lungun da ba a san sawun zabuwa ba, don babu lungun da tuwona bai shiga ba.

Ummi 'yar ɗana ce na biyu. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka. A Kaduna ta girma, hutu kaɗai ke kawo mana ita, don haka Daura a bakina ta san ta, ba a ƙafarta ba. Ita ce ta addabe ni da waya, duk tatsuniyar da na yi wa yara sai ta ɗauki muryata, har ta tara abin da ta ce ya isa littafi. Da ta gama sai ta ce ba za ta kai wa kowa ba, nata kamfanin za ta kafa. Na ce ina za ki ajiye injin, a ɗakin awakina? Ta ce a'a, injin bugawa na mutanen Kano ne, su za su buga. Abin da yake nata shi ne sunan da zai hau littafin da tambarin da za a sa a bangonsa. Duk littafin da ta zaɓa, ta gyara, ta fitar, nawa ne ko na wani, da wannan tambarin za a san daga hannunta ya fito. Na ce ashe ku ma kuna da shaidar kwano. Rannan muna cin ɗanwake sai ta kife langar tana kallo.

"Inna, ki ba ni aron wannan zanen."

"Wanne? Sawun zabuwa?"

"Shi. Ga kyau, ga shi ba na kowa ba ne."

"Ke da kika ci sunan mai shi, aron me kuma? Ɗauki. Amma da ja za ki sa shi, kada ki sauya mini launi."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Ni littafi na sa a raina. Wa zai dafa tuwo a littafi?

Ranar ƙaddamar da littafin an cika babban ɗakin taro na cikin gari. Aka zaunar da ni a gaba da leshina mai ruwan zuma, aka miƙo mini lasifika, na yi musu tatsuniya ɗaya. Manyan mutane masu rawuna da masu tabarau suka yi tsit kamar yaran da aka ce za a ba alewa. Wannan kam ko maƙiyina ya shaida. Abin da ban gani ba shi ne rabon da ake yi a bakin ƙofa. Ashe Ummi ta sa an buga mata abin da suke kira kayan talla, wato kayan da ake rabawa kyauta da tambari a jiki, don duk inda aka gan su a tuna da littattafan. Maza aka ba su kalanda da hular rana, 'yan makaranta jakar yadi. Mata kuwa, da yake yarinyar tana son ta burge, sai ta sa aka yi musu fararen robobi masu murfi, aka cika su da dubulan da cincin. A murfin kowace da gindinta ga sawun zabuwa, ja wur, kamar yadda na ce. Mutanen Kano sun iya aiki, ko ni da tsinkena ban fi su ba. To ku faɗa mini, matar Daura da aka miƙa wa kwano da abinci a ciki da shaidar Dije a gindi, me za ta ɗauka?

Washegari aka zo da mota aka tafi da ni Katsina gidan rediyo, daga nan na sauka wurin 'yata na ɗan kwana biyu. Gida na bar wa Tabawa. Tabawa aminiyata ce tun muna amare, kuma a al'adarmu aikin aminiya ne bayan an watse biki ta tsaya ta ga kwanuka sun dawo. Ba wanda ya sa ta, ba ta kuma jira a sa ta ba.

Na dawo da hantsi na tarar ba wurin taka ƙafa a tsakar gida. Robobi ne tsibi-tsibi, a bakin rijiya, a gindin darbejiya, har kan akurkin kaji, kowace da abu a ciki: ƙwai, kuka, gyaɗa, busasshiyar kuɓewa, goro, wata har da ɗan sabulu. Tabawa na zaune kan turmi ta ci ɗamara, tana fifita da murfi ɗaya kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Ummi na bakin ƙofar ɗaki ta dafe kai, na kasa gane dariya take yi ko kuka.

"Sannu da hanya, Dije. Ki gode wa Allah da ya ba ki ni," in ji Tabawa. "Yawancinsu da kansu suka kawo, 'yan halas. Masu taurin kai kuwa gida-gida na bi su. Na baƙin Katsina da Kano ne kawai suka fi ƙarfin ƙafata."

"Kwanukan wane ne waɗannan?"

"Naki mana. Ko a rediyon aka karɓe miki idanu?"

Ummi ta ɗago kai. "Inna, kyauta ce fa. Na faɗa wa Baba Tabawa har muryata ta dushe. An yi su ne don su tafi, kada su dawo."

"Kwano mai shaida ya tafi kada ya dawo?" in ji Tabawa. "'Yar nan, wa ya yi miki wannan karatun? Ki koma ya sake miki."

Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Dariyar ba ta daɗe ba, don Tabawa ta ci gaba da ba ni labarin jarumtarta, har ta iso gidan Kulu. Kulu maƙwabciyata ce, ƙofarta na kallon tawa, kuma tun 'ya'yanmu na goye ba a taɓa yin Juma'ar da wainata ba ta shiga gidanta ba, nata abincin bai shigo nawa ba. Tana da suruka, Lantana, matar ɗanta, sabuwar zuwa daga garin Babban Mutum, yarinya mai kunya da ko ɗaga ido ba ta yi. Ita dai 'yan matan da ke rabo a bakin ƙofa sun ce mata kyauta ce, ta tafi da ita, sai ta wanke robarta ta zuba gishiri. Tabawa ta shiga ta gan ta a bakin murhu, ta juye gishirin a faifai a gaban matan da suka zo kitso, ta ce, "A garinku haka ake yi, a ci tuwo a haɗa da kwano?" Yarinya ta ce wallahi ba ta aka yi. Tabawa ta ce, "Au, har da rantsuwa a kai?" Ta saɓo roba ta fito, ta bar yarinya tana kuka.

Juma'a ta zo, na yi waina kamar kullum, matar ɗana da ke zaune da ni ta tsallaka ta kai wa Kulu. Ban gama wanke tanda ba sai ga ta ta dawo da langar a hannu, da nauyinta yadda ta tafi.

"Inna, sun ce a ce miki sun gode, amma suna tsoron kwanon."

Ku da ba ku san wannan ba, ku ji: a dawo wa mace da abincinta ba a taɓa ba, ya fi a mare ta a kasuwa. Daga nan magana ta fantsama. A wurin niƙa ake yin ta, a gidan suna ake yin ta. Wadda ta fi ƙona ni ita ce da aka ce manyan baƙi masu motoci na bar musu nasu, na talakawan unguwa kuwa na aika aka ƙwace. Ni Dije! Ni da ban taɓa ba mutum ko allura na waiwaya ba. Na yi shekaru ina gina suna ɗaya, na mace mai buɗaɗɗen hannu, ba ni da gona, ba ni da shago, shi ke nan abin da zan bar muku, ga shi roba za ta rushe shi. Matan da suka kawo da kansu ma, da suka ji ashe kyauta ce, sai suka fara cewa to me ya sa aka karɓa? Abinci ya daina shiga mini.

Ummi ta same ni a ɗaki ta durƙusa. A lokacin tana da wasu littattafai a hannun masu bugawa, ɗaya na wata malama daga Baure, ɗaya na koya wa yara karatu, duk an riga an buga bangonsu da tambarin.

"Inna, zan kira su in ce su tsaya. A zubar da bangon, in nemi wani tambarin. Ni na jawo miki."

"Malamar Baure fa, da ta gaya wa danginta littafinta na tafe?"

"Za ta yi haƙuri."

"Jakunkunan da ke bayan 'yan makaranta kuma, su ma za ki bi ki kira su su tsaya?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Na zauna na auna abin ta kowane gefe. Ko ta bar tambarin yau, wanda ya fita ya fita. Muddin shaidar nan tana gindin kwanukana, duk matar da ta gan ta a hannun wata, kayan Dije za ta gani, gobe a sake kiran wata baiwar Allah ɓarauniya a kan abinta. A hannuna shaidar tana cewa dawo gida. A hannun Ummi tana cewa shiga duniya. Dole ɗayarmu ta saki. Ita yanzu ta fara, ni kuwa na ci nawa rabon.

Da safe na fito da kwanukana duka, na samo tsohuwar wuƙa da yashi da ɗan kananzir, na zauna gindin darbejiya na fara kankara. Tabawa ta shigo ta tsaya kamar an dasa ta.

"Dije, kin haukace? Hannun uwarki ne a nan!"

"Na sani. A gabana aka yi."

"To ki sake wata shaidar mana. Ki yi ƙafar kaza, ai 'yan uwa ne."

"Da furfurata zan bi gari ina koya wa mutane sabuwar shaida? Wadda aka san ni da ita na bayar. Zauna ki kama mini murafen."

Ban yi kuka ba, kada wani ya ƙara muku. Da na iso kan tsofaffin, waɗanda ita da kanta ta zana, waɗanda nake bin sawun tsinkenta ina maimaitawa duk lokacin da fentin ya koɗe, wuƙar ce dai ta kuɓuce ta yanke ni a babban yatsa. Abin da ya biyo baya kuwa na biya shi, ina kuma kan biya. Yau in na aika abinci gidan biki, da wuya kwanon ya dawo, ba don mugunta ba, sai don ba a san na wane ne ba. Samirorina masu furanni duk sun bi duniya. Akwai koriyar langa ta mahaifiyata da ta tafi gidan rasuwa ba ta sake waiwayo ni ba. Wannan har gobe ba ta fita raina ba.

Daga nan na sa aka yi alkaki, muka juye kayan da ke cikin robobin, muka sa alkaki a kowace, na ce wa Tabawa ƙafar da ta karɓo ita za ta mayar. Muka riƙa ɗiba a buhu muna bin gidaje, tsofaffi biyu, muna tafe muna hutawa a dakali. Duk gidan da muka shiga sai in ce, "Wannan taki ce har abada. Kika dawo mini da ita, ni da ke ne." Kusan kowace sai ta kife robar ta ce, to shaidar fa, Inna? In ce shaidar ta tashi daga kaina, ta koma kan littafi, duk inda kuka gan ta yanzu ba kiran gida take yi ba. Wata ta ce to ƙwan da ta sa fa? Na ce ƙwai kam an soya, ta zo ta karɓi ɓawon. Gidan Kulu na bari a ƙarshe, ga shi kuwa shi ne mafi kusa. Muka same ta a kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba.

"Lale da Hajiya Dije. Yau kuma me aka zo karɓa, tabarmar ko butar?"

"Kulu, mayar da wuƙar bakin nan kube. Tawa ta fi taki kaifi, kin sani, amma ba ita ta kawo ni ba. Kira mini yarinyar."

Lantana ta fito ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa. Na ajiye robar a gabanta. Sannan na zaro tsohuwar langata daga mayafi na miƙa wa Kulu a kife. Ta karɓa, ta ga wurin ya yi fari fes, ta shafa da yatsa, ta sake shafawa. Kulu ta san mahaifiyata, ta ci tuwonta.

"Ta Iya ce kika kankare?"

"Ita. Duka, ban bar ko ɗaya ba."

"Saboda roba?"

"Saboda yarinyar nan da aka ci wa mutunci a kan abinta, da kuma sunana da ake ja a ƙasa."

Na zunguri Tabawa da gwiwar hannu. Ta gyara murya kamar za ta yi wa'azi, ta kwance ƙullin gishiri daga bakin zaninta.

"Lantana, 'yata, ki yafe mini. Gaskiya kika faɗa, ni ce ban saurara ba. Ga gishirinki, har da ƙari. Amma ke ma, in kina da gaskiya ki riƙa ɗaga murya, kunnuwan nawa sun tsufa."

"Na yafe, Baba," in ji yarinyar, murya can ƙasa. "Ni dai na riga na ce ba zan ƙara karɓar komai a garin nan ba."

Na ce, "Za ki karɓa, don ni Dije na ba ki da hannuna, a gaban uwar mijinki. Ɗauki abinki." Ta dubi Kulu. Kulu ta ci gaba da tsinkar zogalenta, can ta ce, "Ana ba ki abu kina kallona? Ɗauki mana." Ta ɗauka. Amma har muka fito Kulu ba ta raka mu ƙofa ba, ba ta kuma ce in gai da gida ba. Na dawo ban san inda na tsaya ba.

Juma'ar da ta biyo na tashi na yi waina, na zuba a langa marar shaida, matar ɗana ta tsallaka da ita. Ta dawo hannu wayam, ta ce an karɓa, ba a dai ce komai ba. Na zauna a bakin ƙofa ina jan carbi, amma Allah ya gafarta mini, hankalina na kan zaure. Aka sauko daga masallaci, shiru. Na ce shi ke nan, kaji aka zuba wa. Sai wajen la'asar na ji sallama a hankali, ga Lantana da langar a hannu bibbiyu. Ta durƙusa ta ajiye. Na ɗaga murfi, dambun zogale ne cike, yana tururi, an barbaɗe shi da ƙuli.

"Inna ta ce a gaishe ki," in ji ta. Sai ta rufe baki da mayafi, tana danne dariya. "Ta ce kuma a faɗa miki wainar yau ta ɗan yi tsami."

Wainata ba ta taɓa yin tsami ba, kowa ya sani, Kulu ma ta fi kowa sani. Amma mace ba ta kushe abin da ba ta ci ba. Na ce, "Ki ce mata harshenta ne ya tsufa." Na jawo langar gabana, na yi bisimilla, na cinye dambun nan tas ban ba kowa ko loma ba.